Hayar keke a Bormio don hawan Stelvio: shagon da ya san dutsensa

Duk wanda ke da niyyar hawa Stelvio, hanyar da ta ƙetare manyan duwatsun arewacin Italiya, da keke, shawarata ita ce ya yi haya a garin Bormio, kada ya sha wahalar ɗauko na gida. Ni a Brescia nake aiki, a arewacin Italiya, kuma keke ne abin hawana zuwa masana'anta safe da yamma. Amma keken zuwa aiki daban, keken dutse daban. Jirgin ƙasa na shiga daga Milan zuwa Tirano, daga nan bas ta kai ni Bormio, kuma a wani ƙaramin shago da ke kusa da tsohon gari na ɗauki keken da zan ba ku labarinsa.

Bormio tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,225. Ƙololuwar hanyar Stelvio kuwa mita 2,757 ce, wato ta fi Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Tsakaninsu tafiyar kilomita 21 da 'yan kai ce, kusan duk hawa, sama da mita 1,500. Mai ba da keke a irin wannan wuri amana ce a hannunsa, domin in ya ba ka wanda bai dace ba, ko dai ka sauka ka tura a tsakiyar hanya, ko birki ya ci amanarka a gangara.

Abin da ya fara burge ni da mai shagon, wani dattijo mai furfura, shi ne bai yi maganar kuɗi ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ina za ka? Ka taɓa hawa dutse mai tsawo haka? Kilomita nawa kake yi a mako? Da ya ji amsata, sai ya wuce kekunan tsere masu sheƙi da ke bakin ƙofa, ya ciro wani daga ciki mai giya mai sauƙi: ƙaramin faifan gaba haƙora 34, babban na baya ma 34. Ma'anarsa, zagaye ɗaya na feda, zagaye ɗaya na taya. A fili wannan giyar ba ta da amfani, ƙafa za ta yi ta juyawa a banza. A kan dutse kuwa ita ce ke raba wanda zai kai da wanda zai juyo. Ya auna tsawon ƙafata, ya ɗaga sirdi, ya sa na zagaya layin, na dawo ya ƙara saukar da shi kaɗan. Ya matsa birki a gabana, ya nuna mini cewa bai cinye ba. Birkin na faifai ne, ba irin mai kama bakin taya ba, kuma ya ce shi ba ya barin baƙo ya hau Stelvio da wani iri. A jakar ƙarƙashin sirdi akwai tiyub sabo da famfo da abin cire taya. Hular kwano tana cikin kuɗin haya.

Feda ma sai da muka yi shawara a kanta. 'Yan tsere suna sa takalmi mai maƙalewa a feda, wanda ba a iya tafiya da shi a ƙasa. Da na ce ina son in taka da ƙafa in hau tsaunin da ke saman hanyar, sai ya ɗaura mini feda mai faɗi, na tafi da takalmina na yau da kullum. Wannan 'yar shawarar ce ta ba ni rabin daɗin ranar.

Na fita da sanyin safiya. Da farko hanya tana bi ta kusa da tsofaffin wuraren wanka na ruwan zafi da aka san Bormio da su, sannan ta shiga kwazazzabon Braulio. A nan ne nake da ƙorafi a kan shagon. Akwai ramukan da aka fasa a cikin dutse hanya ta ratsa, matsattsu ne, wasu da duhu, ruwa na ɗiga daga sama, ga babura da motocin 'yan yawon buɗe ido suna rugugi a bayanka. Keken ba shi da fitila, gaba ko baya. Mutumin da ya kula da tsawon ƙafata bai kamata ya manta da wannan ba. Da na dawo na yi masa magana, ya ce akwai fitilun, sai wanda ya tambaya ake ba. To, baƙo ta yaya zai san ya tambaya? Ku dai ku nema kafin ku fita.

Bayan ramukan sai ga kwanoni a jere, ɗaya bisa ɗaya kamar matakalar bene, ruwa na zubowa daga dutse a gefe. Daular Ostiriya ce ta gina hanyar nan tsakanin 1820 da 1825, a ƙarƙashin injiniya Carlo Donegani, don ta haɗa Lombardiya, yankin da Bormio take, da sauran ƙasarta, kuma don keken doki aka tsara ta, shi ya sa hawan yake da tsawo amma ba ya miƙewa tsaye. Giyar nan mai sauƙi ta ba ni damar zama a sirdi ina numfashi daidai. Kusa da mahaɗar Umbrail, inda hanya ke rabuwa zuwa Suwizalan a mita 2,501, numfashi ya fara gajarta, domin a can sama iskar da ke shiga huhu ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da bakin teku. Kilomitoci uku na ƙarshe su ne mafi wuya. Sarƙa ba ta zame ba ko sau ɗaya.

A sama akwai abin tunawa da Fausto Coppi, ɗan tseren keke na Italiya wanda ya riga sauran 'yan tsere ƙetare wurin a 1953, shekarar da gasar tseren keke ta Giro d'Italia ta fara bi ta nan. Daga ɗaya gefen kana hango kwanoni 48 na hanyar da ke gangarawa garin Prato, da dutsen Ortler mai mita 3,905 lulluɓe da ƙanƙara. Na kulle keke na taka zuwa tsaunin da ake kira Dreisprachenspitze, mai mita 2,843, inda yankunan harsuna uku suka haɗu: Italiyanci, Jamusanci da Romansh. Tafiya ce gajera, kuma har yanzu ana ganin ragowar wuraren sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ga 'yan'uwa Musulmi: naman da ake soyawa a rumfunan sama ana cusawa cikin burodi na alade ne. Mai shagon da kansa ya gargaɗe ni tun da safe, ya ce in jira in dawo gari in ci pizzoccheri, taliyar yankin da ake dafawa da kabeji da dankali da cuku, ba nama. Na ji daɗin wannan kulawar ƙwarai.

Gangara ita ce ta nuna darajar keken. A ƙa'ida zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, ga gumi a jiki ga iska, don haka yatsu kan sandare. Rigar tare iska da safar hannu dole ne ko a watan Yuli, kuma shagon yana sayar da su da tsada, gara ka zo da naka. Da yatsa biyu birkin ke kamawa, kuma har ƙasa ƙarfinsa bai ragu ba.

Kuɗin haya ba kaɗan ba ne, sannan suna riƙe wani abu a katin banki har sai ka dawo da keke. Suna rufewa da tsakar rana na 'yan sa'o'i, kamar yawancin shagunan Italiya. Akwai keke mai batir ga wanda ƙafarsa ba ta saba ba. Hanyar a rufe take saboda ƙanƙara daga wajen Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu, kuma a Yuli da Agusta sai ka kira ka kama keke tun da wuri. In Allah ya kai mu baɗi, wurinsa zan koma don hawan Gavia, wata hanyar dutse da ke kusa da Bormio, da fitilata a aljihu.