Katin ƙarfe ko katin bashi: wanne ya cancanci kuɗinsa a Legas?

Masu tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja sun saba ganin wani Alhaji ya zaro kati mai nauyi, na ƙarfe, ya miƙa a ƙofar falon manyan baƙi an buɗe masa. Daga nan sha'awar take shiga zukatan matasan 'yan kasuwarmu na Balogun, Alaba da Idi-Araba. Amma nauyin katin ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ya raba katunan nan shi ne yadda ake biyan kuɗin da aka kashe da su.

Katin ATM da kowa ke riƙe da shi, Verve ne ko Visa ko Mastercard, kuɗinka yake ci kai tsaye daga asusunka. Katin bashi, wato kiredit kad, kuɗin banki kake kashewa har zuwa wata iyaka da aka yanka maka, kuma in wata ya ƙare kana iya biyan wani ɓangare ka bar saura yana tara kuɗin ruwa. Na ukun shi ne caj kad, rukunin da katin ƙarfe na American Express ya fito daga ciki, wanda ya fi dacewa a kira shi katin biya-duka: ka kashe a cikin wata, takardar lissafi ta fito, ka biya gaba ɗaya, ba ragi ba ɗagawa. Shi ne ma ya riga zuwa. Diners Club ta fara shi a birnin New York a 1950, American Express ta fito da nata a 1958, ta ƙara na Gold a 1966, Platinum a 1984, sannan baƙin kati Centurion a 1999, wanda ba a nemansa, sai dai kamfanin ya gayyace ka.

Alherin katin biya-duka na farko shi ne ba ya barin bashi ya kwana ya yi jijiya. Ga misali. A ce ka ci naira miliyan 2 a katin bashi, bankin yana ɗora kashi 3 cikin ɗari duk wata, kai kuma kana biyan dubu 200 a wata. A watan farko dubu 60 kuɗin ruwa ne, dubu 140 kacal ta taɓa uwar kuɗin. Kafin ka fita sai ka shafe shekara guda da ɗoriya, ruwan da ka biya ya haura dubu 400. Wanda ya tsaya kan mafi ƙarancin biyan da banki ke rubutawa a ƙasan takarda ya fi haka daɗewa. Katin biya-duka ya toshe wannan ƙofar tun daga tushe. Sai dai tsaurinsa ma na da haƙori: in ranar biya ta wuce, akwai tara, ana iya dakatar da katin, kuma sunanka ya ɓaci a wurin masu ajiye tarihin bashi. Ɗan kasuwar da kuɗinsa ke kwance a kwantena a tashar Apapa mako shida ya san abin da wannan ke nufi.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa katin ba shi da iyaka. Ba haka ba ne. Ba a rubuta maka iyaka ba dai, amma na'urar kamfanin tana auna yadda ka saba kashewa da yadda ka saba biya. Wanda ya saba kashe dala 2,000 a wata, ranar da ya danna dala 30,000 ana iya mayar masa da katin a gaban jama'a. Manhajar American Express tana da wurin da za ka rubuta adadi ka ga ko zai wuce, a riƙa dubawa kafin babban ciniki.

Sai farashi, kuma a nan ne ya kamata a zauna da biro. Platinum na Amurka ya kasance dala 695 a shekara daga 2021, a 2025 aka mayar da shi 895. Gold 325. A madadin kuɗin Platinum ana ba ka shiga falon hutawa na Centurion da na Priority Pass, makin lada biyar kan kowace dala in ka sayi tikiti kai tsaye daga kamfanin jirgi, ƙarin daraja a wasu manyan otel, kuma ba a cire maka kuɗin kashewa a ƙasar waje. Waɗannan duka na gaske ne. Matsalar ita ce babban kason rangwamen da ake lissafawa don nuna katin ya mayar da kuɗinsa, irin na Uber da gidajen abinci da kantuna, a cikin Amurka ake cin moriyarsa. Mazaunin Agege da ke fita sau huɗu a shekara, Umara ɗaya, Dubai biyu, Guangzhou ɗaya, zai shiga falo kamar sau takwas. In ka ƙiyasta kowace shiga a dala 40, ka samu 320. Ina sauran 575? Ga shi kuma katin na Amurka yana buƙatar adireshi da tarihin bashi a can, kuma da dala ake biyansa. Wanda cinikinsa da naira yake, in naira ta faɗi tsakanin ranar saye da ranar biya, kamar yadda aka gani bayan watan Yunin 2023, shi zai ɗauki asarar.

A gida, bankin Access ya fara ba da katunan American Express na Gold da Platinum a 2023, kamfanin O3 Capital ya biyo baya a 2024. A kula sosai: katunan bashi ne, duk da sunan da ke jikinsu. Ko a Amurka ma an saka wa katunan biya-duka zaɓin jinkirta biya da kuɗin ruwa, saboda haka suna kaɗai ba ya gaya maka komai. Kafin ka sa hannu, ka sa ma'aikacin banki ya rubuta maka abu biyar: kuɗin shekara, ruwan wata, kwanakin da ake ɗaga maka ba ruwa, tarar jinkiri, da farashin canjin da za su yi amfani da shi ranar biya. Ka kuma nemi a haɗa katin da asusunka yadda za a riƙa cire cikakken bashin duk wata, ba mafi ƙaranci ba.

Ga Musulmi akwai abin da ya fi lissafi nauyi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka sharɗanta kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Ta halatta wanda babu wannan sharaɗin, tare da ƙayyadadden kuɗin hidima, ta kuma hana sayen zinari, azurfa ko kuɗin ƙasashe da katin da ba kuɗinka ne a ciki ba. Wannan ya shafi 'yan canjinmu na Broad Street da masu sarin gwal a Dubai kai tsaye. Katin biya-duka ya fi kusa da abin da aka halatta, amma sashen tarar jinkiri ne wurin da za ka kai wa malami ya duba.

Wurin karɓa kuwa, Visa da Mastercard sun yi wa American Express nisa, domin kason da take cirewa daga mai kanti ya fi yawa. A Mile 12 ko Alaba Rago tiransfa da POS ne ke aiki. Dilolin Guangzhou sun fi son WeChat Pay, Alipay ko tsabar kuɗi. Katin ƙarfe na tikiti ne da otel da manyan kantuna, dole ka riƙe na biyu a aljihu.

Hukuncina: wanda kuɗinsa ke shigowa da dala, yake hawa jirgi kusan duk wata, kuma bai taɓa rasa abin biya a ƙarshen wata ba, katin zai yi masa amfani ƙwarai, musamman in yana haɗa kuɗin tafiyar ma'aikatansa a takarda ɗaya. Wanda bai kai nan ba, katin dala na asusunsa ya ishe shi, ya biya kuɗin falo ranar da yake so.

Kurakurai biyu ne suka fi cin kuɗin matafiya, kowane kati suka riƙe. Na farko cire tsabar kuɗi a ATM da katin bashi: ruwa yana fara hawa tun ranar, ga kuɗin cirewa daban. Na biyu, in na'urar kanti a Makka ko Dubai ta tambaye ka ko a caje ka da dala ko da kuɗin ƙasar, zaɓi riyal ko dirhami. In ka zaɓi dala, kamfanin na'urar ne zai yanka maka farashin canji, kuma nasa ya fi na katinka tsada.