Dajin Amurum: wurin mai haƙuri ne, kuma ya cancanci sammako

Wanda ke son ganin zaki ya nufi gidan namun daji na Wildlife Park da ke Jos. Amurum ba gidan zoo ba ne, daji ne mai kimanin hekta 300 a gefen ƙauyen Laminga, kusan kilomita 15 daga cikin Jos, kuma a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Tsuntsaye sama da iri 300 aka ƙirga a ɗan wannan fili.

Zagayen safe na yi tare da ɗan rakiya, kuma shi ne ya sa tafiyar ta yi armashi. Saurayi ne mai kunne. Muna cikin tafiya sai ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, tsaya, ka ji wancan?" Ni dai hayaniya kawai nake ji, shi kuwa yana ware muryoyin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya ce in dubi gindin wani dutse.

Can na ga ɗan tsuntsun da ake zuwa daga ƙasashen waje saboda shi, wanda ake kira Rock Firefinch da Turanci: ƙarami, ja har gadon baya, kansa toka-toka. Sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin jinsi na daban, kuma ba a samunsa sai a duwatsun arewacin Najeriya zuwa bakin Kamaru. Akwai wani baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar wannan jan, a rena masa. Ɗan da aka rena kuma ya tashi yana rera kukan mariƙinsa. Na daɗe a tsaye ina tasbihi. A ƙarshen damina namijin wancan mai saka ƙwai a sheƙar wani ke yin baƙin nan, da rani ya koma ruwan ƙasa, da wuya baƙo ya gane shi.

Dajin kashi uku ne: duwatsu inda rema ke shan hantsi, fili mai ciyawa da ɗorawa da ɗinya, sai kurmi mai duhu da sanyi a bakin rafi. Lokacin hunturu ana samun tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai, kuma masu bincike na sa musu zobe a ƙafa don a bi sawunsu.

Ka nemi izinin cibiyar kafin ka je, domin wurin aiki ne da karatu. Ka isa da fitowar rana, da takalmi mai kama dutse da ruwan sha da rigar sanyi, don iskar Filato da safe ba ta wasa. Ƙananan yara masu guje-guje za su gaji, su kuma kori tsuntsayen. Amma malaman kimiyya na sakandaren Jos, don Allah ku kai ɗalibanku.