'Yar rediyon Littafi Mai Tsarki mai sola da na saya wa Mama, ga yadda na same ta

Salama jama'a. Mutane da dama suna ta tambayata a kan 'yar rediyon nan mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wadda ake sayarwa a shagunan littattafan Kirista a Jos da Kaduna, wai ko ta ci kuɗinta ko kuwa irin kayan nan ne da kana kaiwa gida sun mutu. Toh bari in faɗi abin da na gani, ba wanda ya biya ni kuma ba zan kira sunan shago ba. Ni dai Mama na saya wa, don idonta ya yi rauni sosai, ko da tabarau ba ta iya bin ƙananan rubutun nan, kuma ita mace ce da ba ta kwanciya sai ta karanta sura ɗaya, jikokin da ke karanta mata kuwa duk sun koma makaranta, wanda ya rage a gida in ya kama karatun Hausa sai ka ce yana tauna tsakuwa.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba, roba ce mai ɗan kauri, bayanta akwai farantin sola, a gefe akwai ramin caja irin na waya da wurin sa memori da na abin saƙalawa a kunne, sannan tocila a kai. Ba ta da allo kwata-kwata, maɓallai ne kawai, na kunnawa, na ƙara murya da ragewa, na tsallake littafi, na tsallake sura. Da farko na raina rashin allon amma ga tsohuwar da ba ta gani sosai ashe hakan ya fi, da yatsa take lalubawa, kuma duk inda ka danna wata murya za ta faɗa maka sunan littafin da lambar surar. Kuɗinta kuwa kusan ɗaya da ƙaramar waya mai tocila, sai dai farashi yanzu ba ya zama wuri ɗaya, ku taya da kanku.

Abin da ke ciki Sabon Alkawari ne cikakke, littattafai 27, sura 260, daga Matiyu har Wahayin Yahaya. Ba mutum ɗaya ke karantawa ba, an raba muryoyi, mai ba da labari daban, Yesu daban, Bitrus daban, mata ma da muryar mata, har da hayaniyar taro da carar zakara a daren da Bitrus ya yi musun sanin Ubangiji. Hausar tana fita tsaf, ba irin ta wanda ya koya a littafi ba. Kuma fassarar da muka saba ji a coci ce, wadda aka sabunta wajajen 1980, ba tsohuwar nan ta 1932 da su Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya suka yi wa aiki ba, wadda har yanzu wasu dattawanmu in suna jawo aya da ka ita ce ke fitowa daga bakinsu. Mama ta ɗan yi ƙorafi a wurare biyu uku cewa ba haka ta haddace ba, amma ta saba.

Inda na'urar nan ta burge ni da gaske shine lokacin Ista. Kun san yadda muke yi, ranar Juma'a Mai Kyau coci rabi ne, wasu na gona wasu na kasuwa, ranar Lahadi kuma ba masaka tsinke, kowa da sabon ɗinki, zumuntar mata da ankonsu da tulunsu da kacau-kacau, ranar Litinin matasa su hau dutse wai an tafi Galili, a ci shinkafa a ɗauki hoto. Ba laifi bane, nima ina zuwa. Amma ta haka sai labarin ya rabu gida biyu a kanmu, mutuwa tana can ranar Juma'a wadda da yawa ba su je ba, tashi kuma yana nan ranar Lahadi kamar biki ne kawai. Ita wannan 'yar rediyo ba ta san wannan rabon ba. In ka kunna mata Luka 22 za ta wuce da kai Jibin Ubangiji, da Getsamani, da gaban Bilatus, da gicciye, da kabarin Yusufu mutumin Arimatiya, kafin ka farga kana Luka 24 mata sun iso da asuba da kayan ƙanshi sun tarar an gangarar da dutsen, duk a zama ɗaya kana ɓarar gyaɗa. Jin sa a jere haka daban yake da jin aya biyar kafin wa'azi, gaskiya daban yake.

Wata rana da yamma tana sauraron 1 Korintiyawa 15 sai ta kashe ta kira ni, ta ce ɗana zo ka mayar mini da wurin nan baya. Wurin shine aya 17, inda manzo Bulus yake cewa in ba a ta da Almasihu ba to bangaskiyarku banza ce, har yanzu kuna cikin zunubanku. Ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka a kan gicciye aka gama maganar zunubi, tashin kuma don a faranta wa almajirai rai ne su daina kuka. Na ce Mama ai ba ke kaɗai ba. Da yawanmu da muka tashi a Sande Sukul haka muka riƙe shi, jinin Yesu ya wanke mu, shikenan, in aka tambaye mu to mene ne aikin tashin sai mu fara inda-inda. Bulus kam bai raba su ba, a Romawa 4:25 ya ce an ba da Yesu saboda laifofinmu, aka kuma ta da shi domin a kuɓutar da mu. Wato da ya tsaya a kabari da ba abin da zai nuna cewa Allah ya karɓi hadayar, da ya zama ɗaya daga cikin mutane masu yawa da Romawa suka gicciye aka manta da su, kuma mutuwa wadda ita ce hakkin zunubi da ita ce ta yi nasara. Shi ya sa a 1 Korintiyawa 15 ɗin nan Bulus ya tsaya yana lissafa shaidun da suka ga Yesu bayan ya tashi, Kefas wato Bitrus, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya waɗanda ya ce yawancinsu suna da rai lokacin da yake rubutu, Yakubu, sannan shi kansa daga ƙarshe. Mutumin da yake son a je a tambaya ne yake irin wannan lissafin.

Sauran surar kuwa Mama ta fi ni ganewa don manomiya ce. Da aka zo wurin da ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci, da wurin da ya ce abin da ka shuka ba ya tsirowa sai ya mutu, kuma ƙwaya ce tsirara kake shukawa ba dukan tsiron ba, sai ta yi dariya ta ce wannan mutumin ya san gona. Tun rasuwar Baba ba ta cika son zancen jana'iza ba, amma 1 Tasalonikawa 4 daga aya 13, wadda fasto ya karanta a bakin kabari ranar da ba wanda hankalinsa ke jikinsa, yanzu ita da kanta take nemanta ta saurara cikin natsuwa. Wurin bai ce kar a yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kar a yi irin na marasa bege, kuma wannan bambancin sai ka ji shi ba a cikin ruɗanin makoki ba kake kama shi.

Ni kuma Romawa 6 ce ta kama ni, ba don tana da daɗi ba. Mai karatun ya ba tambayar farko murya mai zafi, wai mu ci gaba da zunubi ne don alheri ya ƙaru? Sannan ya ce a baftisma an binne mu tare da Almasihu, domin yadda aka ta da shi mu ma mu yi sabuwar rayuwa. Mu da aka nutsar a rafi, ko 'yan ECWA ko Baftis ko 'yan'uwanmu na EYN da su sau uku ake nutsar da su, mun san abin da jikinmu ya yi ranar, sai dai da yawanmu katin baftisma muka ajiye a akwati muka ci gaba da harkarmu yadda take. Fansa daga zunubi a wurin Bulus ba yafe laifin jiya kaɗai bane, fita ce daga hannun maigida ɗaya zuwa hannun wani, shi ya sa a Afisawa 4:28 bai tsaya a kan ɓarawo ya daina sata ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Wannan bai yi kama da yadda wasu masu wa'azi a talabijin suke sayar da tashin Almasihu kamar tikitin mota da biza ba, kuma amfanin jin sura gaba ɗayanta kenan, ba wanda zai yanko maka rabin aya ya ɗora nasa a kai.

Yanzu ga matsalolinta, don suna nan.

Babba a ciki, babu Tsohon Alkawari, ko Zabura babu. Mai shagon bai ɓoye mini ba, a kwalin ma an rubuta, amma sai da muka fara amfani da ita na ga girman giɓin, kuma ita na'urar da kanta take tona wa kanta asiri. A hanyar Imuwasu an ce Yesu ya fara daga Musa da dukan annabawa yana bayyana wa mutanen nan biyu abin da aka rubuta a kansa, toh ina Musan, ina annabawan? A Ayyukan Manzanni 8 jami'in nan na sarauniyar Habasha yana karanta Ishaya 53 a cikin karusarsa Filibus ya same shi, kai kuma ba ka da Ishayan da za ka koma. Ibraniyawa 9 da 10 kuwa nan ne abin ya fi tsanani, ana ta maganar babban firist yana shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara da jinin da ba nasa ba, in ba ka taɓa jin Littafin Firistoci 16 ba, da bunsuru biyu na Ranar Kafara, ɗaya a yanka ɗaya a ɗora masa laifofin jama'a a kore shi jeji, maganar za ta wuce ta saman kanka. Haka Yahaya Mai Baftisma da ya kira Yesu Ɗan Rago na Allah, sai da Fitowa 12 da jinin da aka shafa a dogaran ƙofa daren Idin Ƙetarewa abin yake zama. Mama ta san waɗannan tun tana ganin karatu, amma sabon tuba da aka miƙa wa wannan kaɗai zai ji ana ta cewa jini jini bai san daga ina aka taso ba.

Na biyu ba ta zuwa aya, sura kawai. 1 Korintiyawa 15 ayoyi 58 gare ta, in kana son ta 55 sai ka zauna ka jira ko ka riƙe maɓallin gudu kana cinke. Kuma in batir ya mutu tana cikin karatu, tamu dai ba ta tuna inda ta tsaya, sai ta koma Matiyu 1, asalin Yesu, wane ya haifi wane, har yaran maƙwabta sun haddace sunayen suna tsokanar Mama da su.

Kiɗan da aka sa a ƙarƙashin karatun ma wani lokaci ya yi yawa, musamman wurin gicciye, an cika shi da kiɗan tausayi irin na fim har maganar da ɓarawon nan ya yi da amsar da Yesu ya ba shi sai ka kasa kunne sosai. Labarin da kansa ya isa, ba ya bukatar a taya shi. Sifikar kuma in ka ƙure murya tana ɗan tsatsa, a ɗaki ko a tsakar gida lafiya lau, amma kar wani mai bishara ya saya da niyyar cika majami'a da ita, mutum goma zuwa sha biyar a gindin bishiya shine iyakarta.

Sola kuwa tana aiki amma a hankali, da rani in ta wuni a kan rufin kwano tana kai dare har da saura, da damina ko lokacin hazo kam sai an haɗa da caja, kuma kar a bar ta a kan kwanon da tsakar rana tsirara don robar tana zafi sosai, Mama a kan tsumma take ɗora ta. Tocilar ce ke shan batir fiye da komai, na hana yara kunna ta. Ta faɗi ƙasa ba sau ɗaya ba, har yanzu tana magana.

Wa ya kamata ya saya? Mai tsoho ko tsohuwa da ido ya gaza, mai jinya a asibiti, wanda yake jin Hausa amma bai yi makaranta ba, da ikilisiyoyin ƙauye inda ba lantarki ba sabis. In kana da babbar waya da data gaskiya ba ka bukatarta, akwai manhajoji kyauta masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma suna kai ka aya kai tsaye. In za ku saya ku sa a kunna muku a shagon, ku ji Hausa ce ba wani yare ba don kwalayen duk kamarsu ɗaya, ku danna kowane maɓalli, ku cire murfin ku ga ramin memori yana karɓa, sannan ku tambaya ko suna da mai Tsohon Alkawari a ciki ko da ta fi tsada. Ni mai shagon ya ce mini zai sa mini Zabura da Ishaya a memori in na kawo, na riga na saya, sai ranar da na sake shiga gari.