Gyaran injin hura iska na kwamin kifina: abin da na gani bayan wata biyar

Mai kiwon kifi a bayan gida yakan saba da gunjin injin hura iska har ya daina jin sa, kamar yadda mutanen Rigasa na kusa da tasha suka daina jin jirgi. Nawa ya yi shiru ne a wani dare na watan Afrilu, ana tsakiyar bazara, ban kuwa farga ba sai da na fito alwalar asuba. Na haska tocila cikin kwami na tarar da karfasa sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki. Kafin rana ta fito ni da ɗan yayata da ke taya ni aiki mun tsame 47 da suka riga suka mutu. Tarwaɗa kam ko a jikinsu, domin su Allah ya hore musu hanyar shaƙar iska daga sama idan ruwa ya yi musu ƙunci. Karfasa ba ta da wannan gatan.

Na jinkirta wannan sharhin da gangan. Gyara ba a yaba shi ranar da aka yi shi, ni kuwa an taɓa yi mini wanda na yaba da wuri na ji kunya. Yanzu an shiga wata na biyar injin yana aiki dare da rana, shi ya sa nake ganin na isa in yi magana.

Kwami uku nake da su na siminti a gidana da ke Rigachikun, kowanne zurfin ruwansa mita 1.2, biyu na tarwaɗa, ɗaya na karfasa. Injin irin ƙaramin nan ne mai faifan roba, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana tura iska lita 60 a minti. Ba shi da fistin, ba shi da bel, ba a zuba masa mai. A cikinsa akwai kwayil biyu, wato naɗin wayar wuta, da sandar maganaɗisu a tsakaninsu, kowane ƙarshen sandar an ɗaura masa faifan roba. Wutarmu ta Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka sandar ma sau 50 take kai da komowa a daƙiƙa. Da na zauna na lissafa, ya haura sau miliyan huɗu a kwana ɗaya. Roba ce fa. Dole wata rana ta gaji, kuma masu ƙera irin waɗannan injina da kansu suna cewa a canza ta bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Tawa ta kusa cika shekara biyu ban taɓa kwance ko noti ɗaya ba, to laifin farko nawa ne.

Karon farko da ya tsaya a ƙarshen Maris ne, da rana tsaka, babu asarar da na yi. Na kai wa wani mai gyaran janareta da ke kusa da mu. Ya buɗe, ya ga roba ɗaya ta tsage, ya samo wata ya saka, ya jona wuta, iska ta fito da ƙarfi har tana ɗaga takarda a kan bencinsa. Na biya, na yi godiya, har na tallata shi a wajen abokan sana'a. Mako uku cif robar ta yi. Ba zan ce ya cuce ni ba. Abin da ya gani a gabansa shi ya gyara. Amma gefe ɗaya kawai ya canza ya bar tsohuwar a ɗaya gefen, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni inda iskar take zuwa ba.

Bayan asarar ne wani abokina mai ƙyanƙyasar kifi a Kawo ya tura ni Panteka, wajen wani dattijo da ya ce yana gyaran kwamfresa da injinan feshin fenti. Wanda ya san Panteka ya san ba a gane shago da allo, sai dai a yi ta tambaya ana ratsa masu walda da masu ƙera tukwane. Na same shi a wata rumfa da ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ya karɓi injin, ya juya shi, ya cire murfin sama, ya zaro soson da ke tace iska. Soson nan ya zama kamar busasshen tubali, jar ƙurar hunturu biyu ta toshe shi. Ya ɗaga mini shi bai ce komai ba. Sannan ya tambaya: zurfin ruwa nawa ne, tiyon da ke kai iskar cikin ruwa wane kauri, tsawonsa fa, duwatsun kumfa (masu ƙananan ramuka da ake sa wa a bakin tiyo su watsa iskar) nawa na jona, yaushe na wanke su?

Na ce, "Baba, ai ba a wanke su, cikin ruwa suke."

Ya yi dariya har ya ajiye sukundireba. Ya ce, "Malam, zan iya saka maka roba yanzu ka tafi, wata mai zuwa ka dawo mu sake gaisawa. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Sai na je na ga ruwan."

A nan zan faɗi aibinsa na farko, domin sharhi ba waƙar yabo ba ce. Ya ce Talata zai zo, sai Alhamis da la'asar na gan shi. Kwana biyun nan da bokiti muka raya sauran kifin: na rage musu abinci, muna sauya ruwa, cikin dare kuma mu ɗebo mu kwarara daga sama don ya sha iska. Wayarsa ma in ka kira sau biyar zai ɗauka sau ɗaya. Mai kifi cikin ruwa ba shi da wannan haƙurin.

Da ya zo kuwa, aikin da ya yi ya wanke shi. Ya riga ya saka sabbin robobi a gefe biyun tun a shago, ya kuma nuna mini dalilin da ya sa injin ya yi shiru gaba ɗaya maimakon ya ci gaba da kaɗawa: akwai ɗan makunnin kariya a saman sandar, idan roba ta tsage sandar ta zarce iyakarta sai ta buge shi ya yanke wuta, don kada maganaɗisun ya daki kwayil ya ƙona shi. Da yawa, in ji shi, suna ganin inji ya mutu su yar, alhali wannan ɗan abin ne ya yi aikinsa. Ya kunna injin ba tare da tiyo ba, iska ta fito lafiya, sautinsa a kwance. Ya jona tiyona, nan take muryar injin ta canza, ta yi nauyi kamar mai nishi, bayan mintuna kaɗan kuma jikinsa ya ɗau zafin da ba ka iya barin tafin hannu a kai. Ya sa ɗan agogon awon matsin iska a tsakani. Ya bayyana mini cewa kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa tana danne iska da kusan kashi ɗaya cikin goma na "bar", ma'aunin matsin iska, wato kwamina bai kamata ya wuce 0.12 da ɗan abin da tiyo zai ƙara ba. Allurar ta haura 0.2. Injin yana turawa, hanya a toshe, duk wahalar tana komawa kan roba.

Muka jawo duwatsun guda shida. Biyu ba sa fitar da komai, sauran huɗun ta gefe ɗaya kawai suke tsartuwa. Gansakuka da dattin abinci da wani farin ɓawo sun like ramukansu. Ni da nake ganin kumfa tana tashi kullum na ɗauka lafiya lau ne, ashe a hankali take raguwa, ido bai kama ba. Tiyon ma siriri ne irin na akwatin kifin ado, na ja shi kusan mita 15 daga baranda, ga wani wuri da ya lanƙwashe a bayan bulo. Ya jiƙa omo a kofi yana shafa wa kowace mahaɗa kamar mai faci yana neman hujin taya, sai ga mahaɗa biyu suna kumfa. Wato inda ake son iska ba ta fita, inda ba a so kuma tana zuba.

Abin da ya sa na saya ba shi da yawa: bututun roba mai kauri na inci ɗaya da aka ja daga inji zuwa bakin kwamin, daga nan gajerun tiyo suka rarrabu, kowanne da ɗan famfonsa, sabbin duwatsu biyu, da bawul mai hana ruwa komowa. Wannan na ƙarshen ban san da shi ba sam. Injina a ƙasa yake zaune, ƙasa da saman ruwan kwami, kuma idan aka ɗauke wuta ruwa yana iya biyo tiyo ya gangaro cikin inji. Ya nuna mini tsatsa a inda iska ke taruwa cikin injin, shaidar cewa an taɓa yin hakan. Ya sa muka kafa katako a bango sama da ruwan, a inuwa, muka ɗora shi a kai. Na ce zan rufe shi da kwali saboda ƙura, ya ce kul, zafi ya fi ƙura kashe roba, a bar shi ya sha iska, soson kawai za a riƙa wankewa. Ya kuma bar famfo ɗaya a ɗan buɗe yana huci a banza. Na ce wannan ai asara ce. Ya ce idan iska ta yi yawa a kwami kada in kuskura in shaƙe ta da rufe famfo, in sake ta ta nan.

Tsofaffin duwatsun bai bari na yar ba. Ya ce a goge su da buroshi, a jiƙa a ruwan kal ya cinye farin ɓawon, idan gansakuka ta yi yawa a jiƙa a ruwan bilic mai rauni a wani lokaci dabam, amma kada a taɓa haɗa biyun a mazubi ɗaya domin hayaƙin da suke tayarwa guba ne. Bayan bilic sai an ɗauraye sosai an shanya a rana kafin su koma wajen kifi. Huɗu sun dawo kamar sababbi.

Wani abu da ya faɗa a tsaye, muna wanke hannu, shi ya warware mini dalilin da ya sa asarar ta zo a Afrilu kuma da asuba. Na bi diddiginsa daga baya na tarar haka ne. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: a ma'aunin zafi 20 lita ɗaya tana iya ɗaukar miligiram 9, a 30 kuwa bai fi bakwai da rabi ba, ga shi kifi ya fi cin iska a lokacin zafi. Koren ruwan kwami kuma, saboda ƙananan tsirran da ke cikinsa, da rana yana ba da iska, da dare shi ma shaƙa yake yi. Don haka gab da asuba ne ruwa ya fi talaucewa. Da a watan Disamba injin ya tsaya, mai yiwuwa da na tarar da su da rai.

Sai batun kayan gyaran, wanda nan ne ban gamsu ba gaba ɗaya. Baba ba ya ajiye su, sai ya aika an nemo, kuma iri biyu aka kawo. Mai arahar a leda take ba suna ba lamba, robar tana da sheƙi da tauri. Ɗayar a kwali, ta fi laushi, tare da ƙananan bawul na roba da sabon soso, kuɗinta ya kusa ninka na farkon. Ya lanƙwasa mai arahar a gabana, wurin ya yi fari, ya ce irinta aka saka mini a Maris. Na ɗauki ta kwalin. Robobin sun zauna daidai, amma ɗaya daga ƙananan bawul ɗin bai hau kujerarsa ba sai da ya rage bakinsa da reza, abin da bai kamata a yi wa kayan da aka biya wannan kuɗin ba. Babu takardar bayani ko ɗaya a kwalin. Wanda zai saka da kansa ya lura da abu biyu da na ga ya yi: ya daidaita sandar a tsakiya ta yadda ratar da ke tsakaninta da kowane kwayil ta zama ɗaya, ya kuma ɗaure notocin a hankali, bi da bi, bai matse ɗaya ya gama kafin sauran ba. Kuma ya cire fulogi daga bango kafin ya taɓa komai, ba kashe makunni kawai ba. Kafin ka je saye ka ɗauki hoton lambar da ke jikin injinka, domin robobin suna kama da juna a ido amma faɗinsu ya bambanta.

Duka-duka, da ladan aikinsa da kuɗin motarsa da kayan da bututun, abin da na kashe bai kai rabin kuɗin sabon inji ba. Bai ba ni rasit ba, garantin ma na baki ne: "In ta tsage kafin sallar layya ka kawo." Ba ta tsage ba. Da na bi shawarar masu cewa in sayi sabo, da na jona shi a kan toshasshiyar hanyar nan ya bi sawun tsohon.

Zan sake kai masa aiki, kuma na tura mutum biyu. Sai dai duk wanda na tura ina gaya masa ya tanadi yadda kifinsa za su yi kwana uku ba inji, kuma ya matsa a zo a ga kwamin, kada ya yarda a gama magana a shago. Wanda injinsa na fistin ne ko babbar bulowa ta gona, ban ga aikinsa a kan waɗannan ba, abin da na shaida shi na faɗa.

Yanzu duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗan yayata yana wanke soson, lokacin hazo kuma za mu mayar da shi sau biyu a mako. Duwatsu ina da saiti biyu, ɗaya a ruwa ɗaya a shanya, ina musanya su duk wata. Na sayi robobi na ajiya na sa a gwangwani a ɗaki, nesa da rana. Abin da gyara bai magance ba shi ne ɗauke wuta da ƙarfe biyun dare. Injin bai fi cin wutar ƙwan fitila irin na da ba, don haka ina tara kuɗin batir da ƙaramar inbata kafin Maris. Kafin nan dai janareta na kusa da taga, ni kuma barcina ya zama na zomo.