Simlink, jankshan ko Emplacement: wanne za a bi in faifan C ya cika?

Ɗan'uwanmu na Tawa, ka ce faifan C ya cika, ka kwashe Documents da Téléchargements zuwa D, ka haɗa su da simlink (mahaɗar da ke nuna wa Windows inda dosiye ya koma), yau kuma dosiyen ya ƙi buɗewa. Kana tambaya ko jankshan, wata irin mahaɗar, ya fi. Hanyoyin uku ne, kuma wadda ba ka ambata ba, wato Emplacement na Windows, ita ta fi dacewa da kai.

Simlink da jankshan duk da umarnin mklink ake yin su, a kan faifan NTFS: na farko da /D, na biyu da /J. Jankshan ya girme shi, tun Windows 2000 yake, simlink kuwa sai a Vista ya zo. Simlink yana iya nuna dosiyen da ke wata kwamfuta ta hanyar rezo, amma sai da izinin administrateur, ko a kunna yanayin masu ƙirƙirar manhaja da Windows 10 ta sassauta a 2017. Jankshan ba ya neman wannan izini, sai dai iyakarsa faifan da ke jikin na'urarka. Tunda D ɗinka yana nan gida, ƙarin da simlink ke da shi bai amfane ka da komai ba.

Amma sauya ɗaya da ɗaya ba zai warkar da ciwon ba. Dukansu allon nuna hanya ne: in gidan ya tashi, allon bai sani ba. Na fi zargin harafin faifan. In na waje ne, ko ka soka kile USB kafin shi, Windows kan iya ba shi E maimakon D. Buɗe Invite de commandes, ka shiga dosiyen sunanka, ka rubuta dir /AL, za ka ga inda kowace mahaɗa ta dosa. In ta ce D alhali faifan ya koma E, je Gestion des disques ka mayar masa da harafinsa, shi ke nan.

In za ka sake ƙulla ta, sunan mahaɗa ake fara rubutawa, sannan inda kayan suke; mutane da yawa kan juya su. In Windows ta ce fayil ɗin yana nan tuni, tsohon dosiyen ne bai gushe daga C ba. Wajen cirewa kuma rmdir kawai, shi mahaɗar yake ɗaukewa ya bar kayan. Kada ka kusanci del /s, zai iya bi ta cikinta ya share takardunka na D.

Ta ukun, Emplacement, ba ta buƙatar umarni ko ɗaya. Danna Documents da maɓallin dama, Propriétés, Emplacement, Déplacer. Windows da kanta take rubuta sabon wurin a rajistarta, don haka Word da sauransu suna sanin inda za su ajiye. Tarkonta guda: fara buɗe dosiye a D ka zaɓe shi. In ka zaɓi D tsurarsa, faifan gaba ɗaya ya zama Documents, warware shi kuma sai da gumi. In OneDrive ya riƙe dosiyen, dakatar da ajiyarsa tukuna.

Jankshan a bar shi ga manhajar da ta kafe sai a C za ta zuba kayanta, kamar ajiyar iPhone da iTunes ke tarawa cikin AppData. Shi kuwa C:\Users ɗungurungum, don Allah kada ka taɓa shi. Fayil ɗin NTUSER.DAT, mai riƙe da saitin asusunka, yana ciki, in D ya makara wajen tashi sai Windows ta buɗe maka asusun wucin gadi, ka ga Bureau fayau ka ɗauka komai ya salwanta.

Kafin ka kwashe komai ka yi kwafi a wani faifan, batir kuma a cike, kar wuta ta ɗauke aiki yana tsaka. Turo mana abin da dir /AL ya nuna maka.