Wace na'urar leza za ka saya don auna katakon gandun bishiyar fain (pine)?

Kafin ka biya kuɗi, ka tantance abin da kake nema: yawan katakon da ke tsaye a gandun, ko ingancin abin da ke cikin gungumen? Na'urar LiDAR tana harba hasken leza ta auna lokacin da ya ɗauka ya dawo, daga nan a fitar da tsayin bishiyoyi da siffarsu. Waje take gani, ba ta ganin ciki. Dillalai ba su cika faɗin wannan ba.

A Niyu Zilan, inda nau'in fain mai suna radiata ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na dashen katako, masu manyan gandaye sun fi dogara da jirgin sama mai ɗauke da LiDAR. Ga mai dubban hekta, shi ne mafi araha a kowace hekta. Amma sai an haɗa shi da aikin ƙafa: ma'aikata su shiga daji, su keɓe ƙananan wurare, su auna kauri da tsayin kowace bishiya da hannu, sannan a gwama da bayanan jirgin a lissafa sauran gandun. Duk kamfanin da ya ce zai ba ka jimillar katako ba tare da wannan awon ba, ka maida kuɗinka aljihu. Ka kuma fara tambaya ko akwai bayanan kyauta, domin LINZ, hukumar bayanan filaye ta Niyu Zilan, da 3DEP, shirin gwamnatin Amurka na auna tsayin ƙasa, suna sakin nasu, sai dai ka duba shekarar da aka ɗauke su. Fain yana saurin girma.

Jirgi mara matuƙi, irin wanda ake ɗora wa na'urar LiDAR ta Zenmuse L2 ta kamfanin DJI, ya dace da ƙaramin gandu. Yana tashi ƙasa-ƙasa, har a iya ƙidaya bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Matsalarsa batiri, iska, da dokar da ke hana shi ɓace wa mai sarrafa shi. Idan sau ɗaya a shekara za ka yi awo, haya ta fi saye.

Na'urar LiDAR da ake goyawa a baya, kamar Hovermap, ita ke ganin gungume daga ƙasa: kauri, lanƙwasa, inda reshe ya fara. Kafin sara tana da amfani sosai, tunda miƙaƙƙen gungumen da aka sassabe rassansa tun yana ƙarami ya fi tsada. Sarƙaƙiya a gindin bishiyoyi ce ke dagula mata aiki.

GEDI, na'urar LiDAR da aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2018, bayananta kyauta ne, amma tsinta-tsinta take yi a da'irori masu faɗin mita 25. Ba za ka yi cinikin gandu da ita ba.

Ƙarfin katako kuwa sai wata na'ura dabam. Hitman ST300 tana auna gudun sauti a jikin bishiya a gane taurinta, Resi ta kamfanin IML kuma tana huda siririn rami a gane nauyin itacen. Idan katakon gini za ka sayar, ka ware kuɗin ɗaya daga cikinsu tun farko, ko da hakan zai sa ka rage yawan shawagin jirgi.