Ƙarin megabit, shiga IXPN ko waya ta biyu: wanne za ka fara saya?

Duk mai ƙaramin kamfanin raba intanet a Kano ko Kaduna ya san yadda abin yake bayan sallar isha. Layi ya cika, waya ta yi ta ƙara, kowa na cewa netwok ya yi nauyi. Abin da ke fara zuwa a rai shi ne a kira babban kamfanin da ake saye a wurinsa a ce ya ƙara megabit, wato yawan bayanan da layin zai iya ɗauka a lokaci guda. Wani lokacin hakan ne daidai, amma ba kullum ba.

Sayen hanya daga babban kamfani ba makawa a kansa, don shi ke kai ka ko'ina a duniya. Abin dubawa shi ne yadda ake lissafi. Wasu kuɗi tsayayye suke yankewa a wata. Wasu kuma suna auna layinka duk minti biyar, ƙarshen wata su zubar da kashi 5 cikin ɗari mafi yawa, su caje ka a kan mafi girman abin da ya rage. Kashi 5 ɗin nan kusan awa 36 ne a wata. In cunkosonka na kowane dare ne, awa uku zuwa huɗu, ba zai ɓuya a ciki ba. Kuma ka tambaya ko farashin ya haɗa da kawo layin har garinku, domin wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da Equiano a Legas suka sauka, kuma jawo layin zuwa arewa kan ci kuɗi sosai.

Musaya a IXPN, wato cibiyar da kamfanonin intanet a Najeriya ke haɗa layukansu su miƙa wa juna bayanai kai tsaye, wani ciniki ne daban. Cibiyar tana da wuraren haɗuwa a Legas da Abuja da Kano. Za ka nemi lambar ASN taka, wato lambar shaidar netwok ɗinka, daga AFRINIC, hukumar da ke raba irin waɗannan lambobi a Afirka, ka tanadi rauta (na'urar da ke raba wa bayanai hanya) mai iya BGP, wato tsarin da netwok ke sanar da juna hanyoyinsu, da wanda ya iya sarrafa ta (nan mutane da yawa ke tuntuɓe). Kuɗin kafar da ka shiga za ka biya, sai ka yi musaya kai tsaye da sauran membobi. Ba za ta kai ka duk duniya ba, amma in yawancin abin da kwastomominka ke kallo YouTube ne da Facebook, kuma kana iya riskarsu ta cibiyar, tana iya sauke maka nauyi mai yawa. Kafin ka sa hannu, nemi jerin waɗanda za ka iya riska daga kafar Kano ɗin.

Waya ta biyu, wato layin ko-ta-kwana da za ka koma kansa in na farko ya yanke, ita ce aka fi raina wa, ni kuwa ita zan sa gaba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin MainOne da WACS da ACE da SAT-3 suka lalace a tekun yankin Kwaddibuwa. Wanda ya sayi layi biyu daga kamfanoni biyu, amma duka a kan waɗannan wayoyin, ya zauna zugum. Haka yake a tudu. In kamfanoni biyu rami ɗaya suka bi a gefen titin Abuja zuwa Kaduna, katafilar ɗan kwangila ɗaya ta ishe su. Ka ce a nuna maka taswirar hanyar waya, a kuma rubuta a yarjejeniya awa nawa gyara zai ɗauka da abin da za a rage maka in an wuce. Wanda ya ƙi nuna taswira, ka nemi wani.